RA'AYINMU: Kujerar Kakakin Majalisar Bauci, Ta Wakilai Ce Ko Ta Gwamna?

Duk wanda ya fita daga cikin garin Bauci ya kama hanyar Gombe, ba zai yi nisa ba zai iske Inkil. Masu tarihi sun ce nan ne Malam Yakubu ya fara zama bayan ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, kafin ya tashi ya kafa birnin Bauci cikin 1809. Watau dai Inkil ta girmi birnin. Amma yau birnin ya biyo ta har gida, gonakin da a ke nomawa jiya sun zama fulotai, gidaje suna ta tsirowa, yara suna ƙaruwa, ajin makaranta da gadon asibiti da famfon ruwa kuwa ba sa ƙaruwa da irin wannan sauri.

Kuɗin da za a gina wannan aji, ko a sayi wannan gado, ko a ja wannan ruwa, ba ya fita daga baitulmalin jiha bisa doka sai Majalisar Dokoki ta Jihar Bauci ta amince da shi cikin kasafin kuɗi. Haka tsarin mulki ya ce. To, amma mai karatu ya gwada wani abu. Ya tsaya a bakin titi a Inkil, ko a wata unguwa irinta, ya tambayi mutane goma sunan Gwamna, kowa zai faɗa masa. Ya tambayi sunan Sanata, da yawa za su sani. Sa'an nan ya tambaye su wace doka wakilinsu na majalisar jiha ya kawo, ko wace ya goyi baya, ko wace ya ƙi. Nan zai ga an fara duban juna.

Wannan ne ya sa mu ka ga ya kamata yau mu ɗauki tarihin siyasar ɗan majalisar jiha guda ɗaya mu duba, don a cikinsa akwai kusan dukan abin da ke damun majalisunmu. Mutumin kuwa shi ne Alhaji Abubakar Y. Sulaiman, Ɗangaladiman Ningi, wanda mazaɓar Ningi ta Tsakiya ta tura majalisa, ya zama Kakakinta cikin 2019, aka sake zaɓensa cikin 2023, kotu ta sauke shi, ya koma gaban jama'a, ya dawo. Ba mu ɗauko shi don mu ci masa mutunci ba, ba kuma don mu yi masa kirari ba. Mawaƙa da maroƙa sun ishe shi wannan.

Bari mu fara daga ran 20 ga watan Yuni, 2019, ranar da mutanen Bauci ba za su manta da ita da wuri ba.

A zaɓen wannan shekara jama'ar jihar sun yi wani abu da ba a saba gani ba. Sun ka da Gwamna mai ci, Muhammad Abdullahi Abubakar na jam'iyyar APC, suka ba Sanata Bala Muhammad na PDP. Amma a majalisa sai suka bar rinjaye a hannun APC. Cikin kujeru 31, APC ta sami 22, PDP ta sami 8, NNPP ta sami ɗaya. Ko da gangan suka yi, ko kuwa haka ƙuri'a ta faɗa, ma'anar abin ɗaya ce: ga Gwamna, ga kuma masu sa masa ido waɗanda ba 'yan gidansa ba ne. A ƙasar da mulkin farar hula ya zauna da gindinsa, wannan ba abin tashin hankali ba ne. A Amurka, inda mu ka aro wannan tsari, sau da yawa Shugaban Ƙasa na jam'iyya ɗaya ne, majalisa ta wata.

A Bauci kuwa abin da ya faru shi ne, da sassafe, tun kafin lokacin da sauran wakilai suka ce an sanar da su, wakilai 11 suka shiga zauren majalisa, yawancinsu 'yan PDP, suka zaɓi Abubakar Sulaiman ya zama Kakaki, Ɗanlami Kawule na mazaɓar Zungur da Galambi ya zama mataimakinsa. Shi Abubakar Sulaiman a lokacin ɗan APC ne, watau an ɗauko Kakaki daga jam'iyya mai rinjaye, amma ba masu rinjayen ne suka zaɓe shi ba. Da sauran suka iso suka iske an gama, sai suka taru a waje, a gindin siffar sandar majalisa da aka gina a harabar, suka zaɓi Kawuwa Shehu Damina na Darazo, wanda shi ne Kakakin majalisar da ta gabata. Kafin azahar Jihar Bauci tana da Kakaki biyu.

A lura da wannan lamba, 11, don ba a kan hanya aka tsince ta ba. Sashe na 96 na tsarin mulkin 1999 ya ce majalisar jiha tana iya zama in kashi ɗaya cikin uku na wakilanta sun hallara. Kashi ɗaya cikin uku na 31 ya ɗara goma kaɗan, saboda haka 11 a ke bukata. Sashe na 92 kuma ya ce ba a tsige Kakaki sai da kashi biyu cikin uku na dukan wakilai, watau 21. In ka cire 11 daga 31, saura 20. Ke nan mutum 11 sun isa su ɗora Kakaki, mutum 20 kuwa ba su isa su sauke shi ba, ko da dukansu sun haɗa baki, sai sun ɓanɓaro ɗaya daga cikin 11 ɗin. Wanda ya shirya wannan aiki ya san lissafi, ya kuma karanta tsarin mulki da kyau. Abin da bai damu da shi ba shi ne niyyar waɗanda suka yi layi cikin rana suka jefa ƙuri'a.

Ba Bauci kaɗai ba ce. Kwana uku kafin nan, a Jihar Edo, an rantsad da wakilai 9 cikin 24 da dare, su ma suka zaɓi Kakaki. Can kuwa abin ya fi muni, don yawancin waɗanda aka bari a waje ba su zauna kujerunsu ba har wa'adin ya ƙare. Mu na faɗin wannan ne don masu karatunmu na Kudu kada su ɗauka cutar ta Arewa ce, na Arewa kuma kada su ɗauka ta PDP ce. Gwamnan Edo a lokacin ɗan APC ne. Cutar ta kujerar Gwamna ce, ko wa ya hau.

Majalisar Wakilai ta Tarayya ta tura kwamiti Bauci, cikin watan Yuli ta ce Gwamna ya sake ba da sanarwar buɗe majalisa, in ba haka ba za ta karɓi aikin majalisar jihar kamar yadda sashe na 11 ya ba ta dama. Magana ta je kotu. Manya suka shiga tsakani. Cikin watan Agusta yawancin waɗanda ke waje suka shiga suka yi rantsuwa a gaban wanda suka ce ba su yarda da zaɓensa ba. Aka ce an sasanta. Ba a sake buɗe majalisa ba, ba a sake zaɓe ba. Abin da aka yi da asuba shi ya tabbata.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Magoya bayan Gwamna suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna tuna abin da ya faru a Kaduna a jamhuriya ta biyu, inda Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya ci Gwamna cikin 1979, majalisa kuwa tana hannun NPN. Duk sunayen kwamishinonin da ya kai aka ƙi su, ya yi mulki ba kwamishina, har ran 23 ga watan Yuni, 1981, aka tsige shi, ya zama Gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Tun daga ranar nan babu Gwamnan da ya ga majalisa a hannun abokan adawa ya yi barci da ido biyu rufe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mun fahimci tsoron. Amma maganin majalisar da ta wuce gona da iri ba shi ne a rasa majalisa ɗungum ba. Kotu tana nan, kuma tana aiki. A nan Bauci ɗin ma an gani: cikin 2009 majalisa ta tsige Mataimakin Gwamna, Alhaji Garba Gadi, bayan ya ƙi bin Gwamna Isa Yuguda daga ANPP zuwa PDP, cikin 2010 kotu ta ce tsigewar ba ta bi doka ba, ta mai da shi. A lura kuma, wannan karon majalisa ba Gwamna ta yi wa taurin kai ba, aikinsa ta yi masa.

To, me Abubakar Sulaiman ya yi da kujerar da ya samu ta wannan hanya?

Abu na farko da masoyansa ke faɗi shi ne zaman lafiya. Gaskiya ne. Majalisar da ta fara da Kakaki biyu ta kai ƙarshen wa'adinta da Kakaki ɗaya. Riƙe mutane 30, kowa da jam'iyyarsa da ubangidansa da bukatar mazaɓarsa, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma wanda ba shi da haƙuri da iya zama da mutane ba zai iya ba. Wannan mun ba shi. Takwarorinsa na sauran jihohi ma sun ga wani abu a tare da shi, don sun zaɓe shi shugaban Ƙungiyar Kakakin Majalisun Jihohi ta Nijeriya, ya riƙe daga 2020 zuwa 2023.

Sai dai zaman lafiya iri biyu ne. Akwai na gidan da a ke gardama a kan gaskiya a kuma rabu lafiya, akwai na gidan da babu mai iya ɗaga murya. Kafin zaɓen 2023 shi kansa Kakakin ya bar APC ya koma jam'iyyar Gwamna, a tutarta kuma ya tsaya takara. Sashe na 109 ya ce wakilin da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi, ba tare da ta rabu biyu ba, ya bar kujerarsa. Amma wa zai ayyana kujerar ta zama babu kowa? Kakaki. In Kakakin ne da kansa ya sauya sheƙa fa? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo a ƙasar nan, daga Ikko har Abuja, kowace jam'iyya tana tuna sashen ne ranar da aka gudu daga gidanta, tana mantawa ranar da aka gudo mata.

Zamaninsa na shugabancin ƙungiyar Kakaki ya zo daidai da babban yaƙin neman 'yancin kuɗi na majalisun jihohi, kuma nan ne ya kamata a dakata, don shi ne gindin maganar. Majalisar da sai ta aika takarda gidan gwamnati kafin ta sayi man janareta, ko ta biya kuɗin zaman kwamiti, ba za ta iya kiran kwamishina ta tuhume shi ba. Wanda ya ke ba ka abinci, ba ka duban cikin idonsa. Abin kunya, cikin 2010 da aka kawo gyaran tsarin mulki wanda zai ba su kuɗinsu kai tsaye, majalisun jihohi da kansu ne suka kasa ba shi ƙuri'un da a ke bukata. An ce da bawa ga takardar 'yanci, ya ce sai ya tambayi ubangijinsa. Sai cikin 2018 gyaran ya wuce, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu. Gwamnoni suka yi kunnen uwar shegu. Cikin Mayu 2020 Shugaban ya fitar da umurni mai lamba 10 don a tilasta masu, gwamnoni suka kai ƙara, cikin Fabrairu 2022 Kotun Ƙoli ta ce Shugaban Ƙasa ya wuce ikonsa. Ma'aikatan majalisu kuwa sun rufe ƙofofi da yajin aiki cikin 2021 a kan wannan magana. Daga baya cikin Maris 2023 aka sake sa hannu a wani gyaran da ya fayyace abin. A duk wannan tafiya ƙungiyar da Abubakar Sulaiman ke shugabanta tana cikin masu zaman tattaunawa da gwamnoni da fadar Shugaban Ƙasa, kuma ba za a rubuta tarihin samun wannan doka a bar sunansa ba.

Amma ga inda mu ka rabu da shi. A cikin gyare-gyare 44 da Majalisar Tarayya ta aika wa jihohi cikin 2022, akwai na ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu da na mulkinsu, watau a kashe asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da maƙullinsa. Gyaran tsarin mulki ba ya wucewa sai jihohi 24 cikin 36 sun yarda. Ƙungiyar Kakaki ta rubuta cewa ba za a taɓa gyare-gyaren ba sai an ƙara wasu huɗu, cikinsu har da 'yan sandan jiha. Cikin Oktoba na wannan shekara Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Ovie Omo-Agege, ya fito fili ya ce jihohi 11 kaɗai suka yi aikinsu, ya kuma zargi gwamnoni da juya majalisu. Da aka zo ƙarshe, 'yancin kuɗin majalisun jihohi ya wuce, na ƙananan hukumomi ya faɗi. Watau wakilai sun karɓi nasu, suka bar na talakawan da suka aiko su. Sai da Kotun Ƙoli ta zo ran 11 ga watan Yuli, 2024, ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma haramun ne Gwamna ya naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓen shugaba. Abin da wakilan jama'a suka ƙi yi da hannunsu, alƙalai ne waɗanda ba wanda ya zaɓe su suka yi. Mutumin Inkil, wanda ƙaramar hukuma ce ya kamata ta kwashe masa shara, ta gyara masa kwalbati da ɗakin shan magani, yana da ikon ya tambayi kowane wakili: ranar nan, ina ka tsaya?

Cikin Nuwamba 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke zaɓen Abubakar Sulaiman, ta ce a sake a rumfuna goma na Ningi ta Tsakiya, tsakaninsa da Khalid Abdulmalik Ningi na APC. Ya sauka. Majalisa ta ɗora Babayo Akuyam. Ran 3 ga watan Fabrairu, 2024, aka sake zaɓen, ya ci, cikin 'yan kwanaki wanda ke kan kujerar ya sauka aka mai da shi. Bin umurnin kotu da komawa gaban jama'a abin yabo ne, don mun ga waɗanda suka ƙi. Amma yadda aka ajiye masa kujera kamar yadda a kan ajiye wa mutum wuri a sahun masallaci in ya tafi sake alwala, wannan ya nuna cewa tun ba a shiga zaure ba an riga an san abin da zaure zai yanke.

Kada mai karatu ya ɗauka mu na ganin aikin ɗan majalisar jiha hutu ne. Wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan ɗayansu bayan sallar asuba ya san ba haka ba ne. Ga mai takardar asibiti, ga wanda matarsa ta haihu babu ragon suna, ga ɗalibi da kuɗin jarrabawa, ga matasan da suka yi masa yawon kamfe suna jiran na shayi. Sanata yana Abuja, Gwamna yana bayan ƙofa da 'yan sanda, shi kuwa ɗan majalisar jiha yana nan cikin unguwa, kowa ya san ɗakin da ya ke kwana. Wani lokaci kusancin nan da rai a ke biyansa. Cikin Agusta 2020 'yan bindiga suka shiga gidan Musa Mante Baraza, wakilin Das, da dare, suka kashe shi, suka tafi da iyalinsa. Allah Ya jiƙansa.

To, amma wannan layi na ƙofar gida shi ne rabin ciwon. Mu jama'a mun mai da wakili baitulmali, ba mu tambayarsa doka, sai kuɗi. Albashinsa ba ya isa, sai ya nemi ƙari, ƙarin kuwa wuri ɗaya ya ke fitowa, gidan gwamnati. Wanda ya je neman kwangila da daddare ba zai tashi da safe ya ce kasafin kuɗi bai yi ba. Ta haka Naira dubu biyar da ya ba ka a zaure ta ke cinye asibitin da ya kamata ya matsa a gina maka. In za a zargi wakilai da zama 'yan amshin shata, to, a zargi waɗanda suka sa su dole su nemi mai kiɗan.

Wanda kuma ya yi ƙarfin hali ya ƙi amshi, ya san abin da ke jiransa. Cikin 2012, tun kafin zamanin Abubakar Sulaiman, majalisar ta yanke a ɗauke hedkwatar ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa a kai Bununu. Rifkatu Samson Danna, wakiliyar Bogoro, mace ɗaya tilo a majalisar a lokacin, ta tashi ta ce ba ta yarda ba. Aka dakatad da ita ba wa'adi. Ba mu shiga maganar ko ina ya dace hedkwatar ta zauna ba, wannan rikici ne mai tsawo wanda ya ci rayuka, kuma kowane ɓangare yana da nasa kuka. Maganarmu ita ce, an zaɓe ta ne don ta faɗi ra'ayin mutanenta, ta faɗa, aka kore ta. Babbar Kotun Jiha cikin 2013 ta ce dakatarwar haramun ce, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar, ta ce wakili ba ma'aikacin majalisa ba ne da za a sallama, jama'arsa ne suka aiko shi, in an kore shi su aka kora. Har yau lauyoyi suna kafa hujja da wannan hukunci duk lokacin da aka dakatad da wani a Majalisar Tarayya. Ashe Bauci ta ba Nijeriya darasi, ko da ya ke ba ta hanyar da za ta yi alfahari da ita ba.

Akwai kuwa wanda za ta yi alfahari da shi. Cikin Agusta 1950 wani malamin makaranta daga Bauci, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya tashi a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna ya kawo shawara a binciki mulkin En'e a gyara shi, ya yi maganar cin hanci da danne talaka, a lokacin da Turawa ke mulki, sarakuna kuma ke da kotu da kurkuku da 'yan doka. Shi kansa ma'aikacin En'e ne, abincinsa yana hannun waɗanda ya ke suka. Da ƙyar shawarar ta wuce, amma ta wuce, gyare-gyaren da suka biyo baya kuwa daga nan suka samo asali. Majalisarsa ba ta da rabin ikon da ta yau ke da shi. Ta yau tana da ikon kiran kowa ta bincike shi ƙarƙashin sashe na 128 da na 129, tana da ikon ƙin sunan kwamishina, tana da ikon rage ko juya kasafin kuɗi. Cikin 2025 ma ta zartad da dokar da ta ƙirƙiro sababbin masarautu 13 a jihar, abin da zai shafi jikokin jikokinmu. Iko dai ba shi aka rasa ba. Kabarin Tafawa Ɓalewa yana nan cikin garin Bauci, ba wakilin da zai ce ya yi masa nisa.

Mu a ganinmu, ramin da aka faɗa cikin 2019 har yanzu a buɗe ya ke, kuma ba wanda ya fi dacewa ya cike shi kamar wanda ya ci moriyarsa. Sashe na 105 ya ba Gwamna ikon ba da sanarwar zaman farko na majalisa, amma bai ce a ɓoye ba. Majalisa tana iya rubutawa cikin dokokin zamanta cewa za a sanar da rana da sa'a da wurin zaman farko a rediyo da jarida mako guda kafin ranar, kuma ba za a zaɓi Kakaki ba sai an tabbata sanarwa ta kai ga kowane mai riƙe da takardar shaidar cin zaɓe. In ana ganin dokar zama ba ta isa ba, sai a kai maganar gyaran tsarin mulki, a ce zaman farko ba ya halatta sai fiye da rabin wakilai suna nan. Ƙungiyar Kakaki ta nemi a tsaurara hanyar tsige shugabannin majalisa cikin sharuɗɗanta huɗu na 2022. Ba mu ji ta nemi a tsaurara hanyar ɗora su ba. Duk wanda ya ke jin daɗin wannan rami yau, ya tuna mulki juyi ne, wata rana shi zai iso ƙarfe goma ya iske an gama ƙarfe bakwai.

Sa'an nan a buɗe wa jama'a littafin majalisa. Kowace doka, a fito da sunan wanda ya ce i da wanda ya ce a'a, a karanta da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan jihar a gidan rediyon Bauci. Kasafin kuɗi, kafin a amince da shi, a kai kowace mazaɓa a liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma, mutumin Inkil ya ga ko an sa makarantarsu, nawa aka sa, bara da aka sa an yi ko ba a yi ba. Wannan ba ya bukatar izinin Abuja, ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Tun da an ce doka ta ba majalisu kuɗinsu, uzurin da a ke kawowa na cewa hannunsu a ɗaure ya ke ya ƙare. In kuwa kuɗin har yanzu ba sa zuwa yadda doka ta ce, to, Kakaki ya fito ya faɗa da bakinsa, jama'a su san wa za su tuhuma.

Zaɓen 2027 yana tafe. A ranar za a miƙa wa kowa takarda biyu, ta Gwamna da ta ɗan majalisar jiha, kuma 'yan kamfe za su zo da kalmar nan tasu ta "sak", watau ka dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa ba tare da ka dubi fuska ba. Ƙaramar hukumar Bauci kujera biyu gare ta a majalisa, Bauci ta Tsakiya da Zungur da Galambi. Kafin ranar, mu na kira ga masu unguwa da limamai da ƙungiyoyin matasa da na mata na Inkil da maƙwabtanta su gayyaci duk mai neman kujerar, wanda ke kai da wanda ke son hawa, ya zo ya zauna a kan tabarma a filin makarantar firamare, ba da mawaƙa ba, ba da buhun shinkafa ba. A tambaye shi ko ya yarda kuɗin ƙaramar hukuma su zo mata kai tsaye. A tambaye shi in an kira shi zaman asuba a ɓoye, zai je ko zai ƙi. A rubuta amsarsa, a sa kwanan wata, mai unguwa ya ajiye takardar.